Sabara: Ƙaramin Icen da Ke Riƙe da Gonakinmu

Lacca ga Hausawa mazauna Ajame da Tireshbil, wadda aka gabatar a unguwar Ajame Meri, Abijan

 

   Na san da yawa daga cikinku sun rufe rumfa ko sun bar wa yaro tebur kafin su zo nan, wasu ma sai da suka haye gada daga Tireshbil. Allah ya saka da alheri.

Maganarmu ta yau a kan sabara ce. Duk wanda ya tashi a Adar, ko Gobir, ko Katsina, ko Damagaram, ya san ta tun yana bin awaki. A nan Abijan kuwa ba ma ganinta sai a bushe, a ƙulle, a gaban masu sayar da saiwoyi da sassaƙe. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan ba su taɓa ganin ta a tsaye ba. Mu kanmu da muka san ta, raina ta muke yi, don ba ta da inuwar kuka, ba ta da 'ya'yan tsamiya. To, raina kama ka ga gayya. Abin da nake son mu tashi da shi shi ne, mafi girman amfanin sabara yana ƙarƙashin ƙasa, cikin saiwarta, kuma mu da muke aika kuɗin noma gida muna da hannu a kan ko saiwar nan za ta rayu ko za a tumɓuke ta.

Kamanninta

Sabara ba ta tsawo. Galibi tana tsayawa tsakanin mita 1 zuwa 3, kuma a gonar da ake sare ta kowace shekara da wuya ta wuce ƙirjin mutum. Ba ta da gangar jiki guda ɗaya. Rassa ne da yawa suke tasowa daga gindi ɗaya, su buɗe, su yi dunƙule. Ɓawonta toka-toka ne, sababbin rassa kuma suna da laushin gashi.

Ku ɗauki ganye ɗaya ku duba, ko busasshe ne. Ƙarami ne, tsawonsa santimita 3 zuwa 5, launinsa kore mai haɗe da toka, kuma ganyayen suna fitowa biyu-biyu, suna fuskantar juna a jikin reshe. Idan ka shafa za ka ji gashi mai laushi. Idan ka juya bayansa ka ƙura ido, za ka ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo ƙanana birjik. Waɗannan ɗigo su ne babbar shaidar sabara, kuma da su mai saye zai gane ko an haɗa masa da wani ganye. Gashin nan kuwa ba ado ba ne. Yana rage zafin rana a kan ganyen, yana kuma rage ruwan da iska ke zuƙewa. Shi ya sa sabara ke riƙe ganyenta har a yi nisa cikin rani, bayan ciyawa ta ƙone, wasu itatuwa sun kaɗe.

Furenta yakan yawaita daga ƙarshen damina zuwa cikin rani. Abin da muke kira fure ɗaya, wato ɗan dunƙulen nan mai ruwan ɗorawa da kore-kore, a gaskiya taron furanni ne ƙanana da yawa da suka cure wuri guda, kowanne da kunnuwa 5 da zaruruwan gari 10. Ƙudan zuma na zuwa gare su a lokacin da fure ya yi ƙaranci a daji. In furen ya faɗi sai 'ya'ya su fito, sirara, dogaye, kimanin santimita 3 zuwa 4, lulluɓe da dogon gashi mai sheƙi, sun baje ta ko'ina kamar ƙafafun gizo-gizo. Kowane ɗa ƙwaya ɗaya ce a cikinsa.

Ba da iri kaɗai take yaɗuwa ba. In ka sare ta, kututturen zai yi toho. In reshe ya kwanta, yashi ya rufe shi, sai ya yi saiwa a wurin ya zama sabon gindi. Wuta ta ci ta, akuya da raƙumi su yi kiwonta, gatari ya bi ta kai, baɗi ka tarar ta dawo. Muddin saiwar tana nan, sabara tana nan.

Danginta

Masana tsirrai suna kiran ta Guiera senegalensis. Wani Bafaranshe, Michel Adanson, wanda ya sauka Senegal a 1749 ya yi shekaru yana tattara tsirrai, shi ya fara kai labarinta Turai, sai Bajamushe Gmelin ya tabbatar mata da wannan suna a 1791. A ƙasar Hausa kuma, likita Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya rubuta ta cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Idan kuna ciniki da maƙwabtanmu, Dyula da Bambara suna ce mata kunje, Fulani suna cewa geloki, mutanen Senegal suna cewa nger.

Gidansu babba ne. Taramniya 'yar uwarta ce, haka marke da baushe, haka geza, wadda ake dafa ganyenta a sha da azumi da sunan kinkeliba. Abin da zai ba ku mamaki shi ne tana da dangi a nan Abijan. Kafintocinmu sun san katakon firamire da na firake. Waɗannan manyan itatuwan kurmi, masu kai mita 30 zuwa sama, gida ɗaya suka fito da sabara, ana gane haka ta tsarin furensu. Wanda ya samu ruwa ya miƙe sama yana neman rana, wanda ya samu yashi da fari ya tsaya ƙasa-ƙasa ya zuba ƙarfinsa cikin saiwa.

Wanda ke son ganin tsirran ƙasar nan a jere da sunayensu, akwai cibiyar nazarin tsirrai ta ƙasa a jami'ar Félix Houphouët-Boigny da ke Kokodi. Marigayi Farfesa Laurent Aké Assi, wanda ya rasu a 2014, shi ya kafa ta, kuma ya ƙare rayuwarsa yana tattara tsirran Kodebuwa. Ɗalibanmu su riƙa leƙawa.

Inda take rayuwa

Me ya hana sabara zama a Abijan? Ga dajin Banko nan kusa da mu, wanda aka keɓe tun 1953, hekta sama da 3,000 na kurmi a tsakiyar birni. Ka shige shi tun safe har yamma ba za ka ga sabara ba. Ruwan da ke sauka a Abijan ya kusa milimita 2,000 a shekara, iska a jiƙe take kullum, ƙasan kurmi kuma inuwa ce. Sabara tana son rana tsagwaronta, da yashi mai tsotse ruwa, da dogon rani. Inda ta fi jin daɗi shi ne inda ruwan shekara yake tsakanin milimita 400 zuwa 800.

Hanyarmu ta zuwa gida ita ce mafi kyawun darasi. Mota ta tashi daga tashar Ajame, ka bi ta gonakin roba da kwakwar manja da koko. Kafin Yamusukuro kurmi ya fara buɗewa, giginya ta bayyana. Ka wuce Buwake da Katiyola, sai kaɗanya da ɗorawa da gonakin kaju. Sai can wajen Ferke da Wangolo, kusa da iyaka, za ka fara ganin sabara jefi-jefi, a tsofaffin gonaki da wuraren da ƙasa ta gaji. A Burkina Faso, daga ƙasar Mosi zuwa Fada Ngurma, ta yawaita. Daga Yamai zuwa Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni da Maraɗi kuwa, gari nata ne. Haka take a ɗamarar da ta taso daga Muritaniya da Senegal, ta ratsa Mali, Nijar, Arewacin Nijeriya da Cadi, har Sudan.

Wuri biyu ta fi kamawa. Na farko jigawa, musamman saura, wato gonar da aka bari ta huta. Na biyu tudun marmara na yammacin Nijar. A can, in an duba daga jirgin sama, dajin ya yi layi-layi: layin itace, layin fako, layin itace, layin fako. Faransawa suna ce masa daji mai zanen damisa. Dalilinsa shi ne, fakon ba ya shan ruwa, sai ruwan sama ya gangara a kansa ya taru a layin itacen da ke ƙasa da shi, ta haka itacen ke samun fiye da rabonsa na ruwan shekara. Geza da sabara suna cikin manyan itatuwan waɗannan layuka, kuma daga irin wannan daji Yamai ta daɗe tana samun itacen girki.

Da yake ana yawan ganin ta a ƙasar da ta gaji, sai wasu suka ɗauka ita ke gajiyar da ƙasar. Ba haka ba ne. Ita ce ta rage bayan sauran itatuwa sun kasa.

Aikin da take yi wa gero

Duk manomi ya san geron da ke gindin sabara ya fi na fili kyau: karansa ya fi kauri, zangarniyarsa ta fi cika. Ku tuna ɗan tudun da ke taruwa a gindinta. Iskar hunturu da guguwar farkon damina suna kwashe lallausar ƙasar gona, rassan sabara suna tare ta. Ganyenta yana zuba a wurin. Akuya ta zo kiwo ta bar kashi. Gara ta ja ganyen cikin ƙasa. Shekara da shekaru, gindin kowace sabara ya zama rumbun taki. Wannan kowa na iya gani da idonsa.

Akwai kuma wanda ido ba ya gani. Sabara tana da saiwa iri biyu: masu bazuwa kusa da sama, da masu nutsewa can ƙasa inda laima ba ta ƙarewa. Da rana ganye yana fitar da ruwa ta ƙananan ƙofofinsa, saiwa tana jawo wani. Da dare ƙofofin sun rufe, amma doguwar saiwa ba ta daina sha ba. Ruwan da ta jawo ba shi da mafita ta sama, sai ya bi saiwoyin da ke kusa da sama ya tsattsafo cikin busasshen yashi. A nan saiwar gero take. Kafin gari ya waye gero ya samu abin jiƙa maƙoshi.

Wannan ba zato ba ne, an gwada. A Senegal, a ƙauyen Keur Matar Arame kusa da birnin Thiès, masanan Senegal da na Amurka, ciki har da Farfesa Richard Dick na jami'ar jihar Ohio, sun shafe shekaru suna noma gero da gyaɗa tare da sabara. A wani gwaji da aka buga a 2018, sun shayar da doguwar saiwar sabara wani ruwa mai alama wanda na'ura ke iya ganewa, sannan suka bincika geron da ke kusa. Tsakanin awa 12 zuwa 96 alamar ta bayyana a jikin geron. Da suka hana gonakin ruwa don kwaikwayon fari, geron da ke tare da sabara ya yi ninkin ba ninkin na wanda ke shi kaɗai.

Tsarin da suka bi ba shi da wuya. Manoman yankin sukan bar gindi 200 zuwa 350 a hekta, su sare, su tara, su cinna wuta kafin shuka. Su kuwa masanan sun kai gindi 1,500 a hekta, kuma maimakon ƙonawa sai a daddatsa ganye da ƙananan rassa a mayar wa ƙasa. Ana sare ta a farkon damina don kada ta yi wa shuka inuwa, bayan girbi ta sake tohowa ta rufe gona a lokacin iska. Sara ba ya cutar da ita. Abin da ke kashe ta shi ne tono saiwa.

Abin da Maraɗi ta koya wa duniya

Dattawan da ke nan ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Wasunku ma a dalilinsa suka fara zuwa ci-rani Abijan. A wancan zamani gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal, babu ko tsinke. Malaman gona haka suka koyar, dokar gandun daji kuma ta sa itace ya zama na gwamnati, don haka manomi ya ga gara ya kawar da toho tun yana ƙarami da ya bar shi ya girma ya jawo masa tara. An kashe kuɗi masu yawa wajen dasa itatuwan da aka reno a leda, akasarinsu suka mutu.

A 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya da ke aiki a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tohon da ke cike da gonaki ba ciyawa ba ce, kututturan itatuwa ne masu rai. Sabara da kalgo suna kan gaba a cikinsu. Shawarar da aka ba manoma ita ce, in an zo sassabe, a zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar mafi ƙarfi a kowane gindi a bari, a sare sauran, a riƙa yi musu aski. Manoma suka sa masa suna sassaben zamani. Da farko an yi wa masu yi dariya, an kuma riƙa sace musu itace da dare. Ƙauyuka irin su Ɗan Saga a yankin Agye suka kafa kwamitin tsaron itace, maza da mata da makiyaya a ciki. Da mutane suka ga mai itace a gona yana samun makamashi da harawa da ƙarin dami, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona ba tare da wani ya biya su ba.

Bayan shekara 20 da 'yan kai, masu nazarin hotunan tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta cewa wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar sun sake yin itace, kimanin itatuwa miliyan 200. A 2018 an ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood tare da Yacouba Sawadogo, wani manomi ɗan Burkina Faso. A 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka da ta amince wa manomi da haƙƙin itacen da ya rena a gonarsa. Yau ana koyar da wannan dabara a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, kuma daga gonakin iyayenmu ta tashi.

Batun magani

Iyayenmu mata sun fi ni sanin wannan babi. Ana dafa ganyen sabara saboda zawo da atini, da tari da mura, da basir. Ana ba mai jego, ana sa shi a ruwan wanka. Makiyaya suna turara shi a mashekari don korar ƙudaje daga shanu. Akwai kuma ƙulluttan nan da ƙwari ke haddasawa a jikin rassa, waɗanda masu magani a Burkina Faso ke ji da su. Masana sun bincika, sun samu sinadarai masu ɗaure ciki, su ne ke ba ganyen ɓaurinsa, da wasu da ke yaƙar ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji. Da tsohuwar zuma ake magani, wannan gaskiya ne.

Amma abin da ya yi aiki a kwalbar gwaji ba lallai ya warkar da mutum ba, kuma kofin da muke sha da shi ba shi da ma'auni. Jaririn da ke zawo, ƙarewar ruwan jiki ke kashe shi, don haka a fara da ruwan gishiri da sukari a kai shi asibiti, kada a tsaya jiran tukunya. Tarin da ya wuce mako biyu a je a auna majina. Mai ciki da mai ciwon ƙoda ko hanta su tambayi likita tukuna. Ƙasar nan ta yi dokar aikin maganin gargajiya tun 2015, ya kamata masu sana'ar a cikinmu su san ta, su yi rajista. Sannan a lura da ajiya. Ganyen da ya bushe a Tawa, in ya kwana biyu cikin laimar Abijan a buhun leda, fumfuna yake yi. A shinshina kafin a saya, a ajiye shi inda iska ke shiga.

Abin da ya rage gare mu

Wani zai ce, ni da ke sayar da abincin garba a Tireshbil, ko nake da shagon yadi a kan titin Nangui Abrogoua, ina ruwana da sabara? Ruwanka ne, ɗan'uwa, tunda kai ke aika kuɗin sassabe da na huɗa da na taki, kuma in damina ta ƙi, wayarka ce za ta yi ƙara a nemi kuɗin hatsi. Mai biyan kuɗin aiki yana da ta cewa a kan yadda za a yi aikin.

Don haka ina roƙon abu huɗu. Na ɗaya, in bazara ta yi kuka kira gida, ku ce a sare sabara da kalgo amma kada a tono gindi, kuma a bar wasu rassa su tashi. In za a ɗauko tarakta, a gaya wa direba ya kauce wa kututture, don abin da garmarta ta tumɓuke cikin awa ɗaya sai an yi shekaru kafin ya dawo. Na biyu, kada a ƙone abin da aka sare. Manyan rassa a kai wa mata su yi girki, ganye da ƙananan rassa a bar wa gona. Na uku, masu sarin magani su fi neman ganye a kan saiwa. Ganye yana dawowa kowace shekara, saiwa kuwa in an haƙe ta an kashe gindin, kuma kasuwar birane irin wannan ita ke sa a haƙa. Na huɗu, duk wanda zai je gida da yaransa, ya kai su gona, ya nuna musu sabara a tsaye, ya juya musu bayan ganyen su ga ɗigon, ya gaya musu sunanta da sunan kalgo da geza da gawo. Yaron da bai san sunan itace ba, ranar da gonar ta zama tasa ba zai hana a tumɓuke shi ba.

Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke bukatar tallafin wata ƙungiya ko izinin wani ofis. Magana ce tsakanin wa da ƙane, tsakanin ɗa da mahaifi, kuma lokacinta shi ne kafin ruwan farko.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa albarka a nemanmu a wannan ƙasa, ya zaunar da ita da ƙasashenmu lafiya, ya mayar da kowa gida cikin rufin asiri. Na san a cikinku akwai manoma da masu magani da suka fi ni daɗewa da wannan ice, don haka yanzu fili naku ne, mai tambaya ya yi, mai ƙarin bayani ya ƙara.